Barcin Mai Burodi a Laburare

Duk Asabar, idan na kawo jikana sauraron tatsuniya a laburaren unguwarmu, ina tarar da mutumin nan a kan kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Fulawa ta yi masa furfura a gira, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ina jin kwana yake a bakin tanda, gari na wayewa ya ɗauko 'yarsa su taho.

Malamar na buɗe littafi, kansa na langaɓewa, takalman yarinyar na rungume a ƙirjinsa. Ni da bayana ke hana ni runtsawa, har ƙyashi nake masa.

Yau mai gadi ya nufo shi, wai an hana barci a nan. Yarinyar ta tare hanya.

"Kawu, don Allah ƙyale shi. Babana ba barci yake ba, da ido rufe ya fi ji."

Mai gadi ya dubi malamar. Ita kuwa ta zo daidai inda zaki zai yi ruri, sai ta yi shi cikin raɗa. Yaran duka suka taya ta, a hankali.