Labbo Magini a Saman Bene

Malam Labbo mutumin Furfuri ne, ya yi shekara arba'in yana ginin ƙasa da azara. An san shi da abu guda: ɗakin da ya gina, ko bazara ta kai tsakiya, in ka shiga sai ka ji sanyi kamar na randa.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, ɗansa Ashiru, direba a tashar Gusau, ya ɗauko shi don ya zauna kusa da asibiti. Ashiru haya yake yi a saman wani bene, ɗaki biyu, bangon bulo, rufin kwano. Mutum huɗu suka ciccibi tsohon suka hau da shi, shi ya sa ba a sauko da shi sai ranar ganin likita.

Zafi ya shigo a watan Maris. Tun hantsi kwanon ke fara ƙara, kafin azahar bangon ya yi zafin da ba a jingina da shi. Wuta ba ta cika zuwa ba, in ta zo ma fanka iska mai zafi take kaɗowa. Hafsatu, matar Ashiru, ita ke hawa da ruwa a bokiti, ta jiƙa zane ta rataya a taga. Kafin ta gama wanke-wanke ya bushe.

"Baba, in ƙara jiƙa shi?"

"Bar shi, 'yar nan. Zafin ba ta taga yake shigowa ba, daga sama yake saukowa."

Ya kira Ashiru, da hannunsa mai lafiya ya nuna masa yadda za a yi. A samo zana a shimfiɗa bisa kwanon, a bar rata a tsakani, sannan a huda bango can sama don zafin ya sami hanyar fita. Ashiru ya yo lodin Tsafe, ya dawo da zana shida.

Mai gidan, Alhaji Attahiru, ya zo ya tarar ana jingina tsani, sai ya hau wurin Labbo.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi. "Ciyawa a kan rufi, ga wayoyin wuta? In gobara ta tashi fa? Bangon kuma ba za a taɓa shi ba."

Labbo bai yi musu ba, don ya san batun gobarar gaskiya ne. Aka nemi musayar ɗaki da na ƙasa, aka tarar duk shaguna ne. Zanar ta zauna a tsakar gida har awakin maƙwabta suka cinye gefenta.

Yanzu Hafsatu kan janye tabarmarsa daga kusurwa zuwa kusurwa, tana gudun bangon da rana ke duka. Ƙuraje sun feso masa a baya. Duk la'asar yakan tambaye ta ko ta ga hadari ta gabas. Ta leƙa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce tukuna.