Yatsun Jikata da Gaɓar Rake

Duk sanda na ji ƙarar wuƙa a jikin rake, ƙas, sai raina ya ɓaci. Ku matso in gaya muku dalili.

A Bomo aka haife ni, bakin fadama, kuma ban taɓa zama a aji ba. Da sanyi, idan kawuna ya saro rake ya shigo da shi, kakata takan miƙa wa ƙaramin cikinmu sanda guda ta ce ya raba mana. Dokarta ɗaya ce: wanda ya raba, shi zai ɗauka a ƙarshe. To kun ga yaro ba zai yi wasa ba. Zai bi gaɓa da yatsa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Zai lura na gindi gajeru ne amma sun fi zaƙi, na sama dogaye ne amma lami. In gaɓa ɗaya ta yi saura, a tsaga ta. Haka aka rene mu, haka na reni nawa.

'Yar babban ɗana a hannuna aka yaye ta. Tun ba ta iya ɗaura zani ba take rabon rake a tsakar gidan nan. Takan ciji leɓe, ta auna gaɓa da ɗan tafinta, ta ƙara wa wanda ya sami na sama. Ɗaliban jami'a masu haya a maƙwabta har sayo rake suke yi don kawai su kalle ta.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa, ubanta ya ɗauke ta ya kai ta Sabon Gari, ya sa ta a makarantar kuɗi mai shuɗin yunifom. Ban hana ba, alheri na zata.

Da aka yi hutu ta zo. Na tara yaran gida, na miƙa mata rake. Sai ta ɓoye hannuwanta a baya, ta daskare kamar soja, ta rera mini ƙirga da Turanci tun daga ɗaya har numfashinta ya ƙare.

Na ce, "Madalla. To raba musu."

Ta dubi raken, ta dubi yaran, idonta ya kawo ruwa. "Kaka, Antin ajinmu ta ce ƙirga da yatsa aikin dolaye ne."

Na jawo hannun na juya. Bayan yatsun duk shatin rula.

Washegari na hau bas daga Samaru na sami ɗana a shagonsa. Na faɗa masa abin da na gani.

Ya ce, "Inna, ai duk haka suke yi. Rake ba ya fitowa a jarrabawa."

"Kai a jikin me ka koyi ƙirga?"

Dariya ya yi, ya sayo mini lemo, ya sa ni a mota. Ban sha lemon nan ba.

Yarinya ta yi ta cin jarrabawa da hadda, har ta gama sakandare. Amma ko tuwo aka ce ta raba, sai ta ja baya ta ce, "Ni ba ni da kan lissafi." Wa ya gaya mata? Da kan lissafinta na ba su ita, da rula suka cire shi, ubanta kuwa yana ta godiya. Yanzu ina jin ana ta faɗi a rediyo wai a bar yara su koya da wasa. Sai yanzu?

Sanyin bara jikar tawa ta zo mini da ɗanta. Na ba shi rake na ce ya raba wa 'yan'uwansa. Ya ɗora yatsa a gaɓar farko, sai uwar ta cafke hannunsa. "Kai, ba a yi da yatsa."

Na ce, "Sakar masa hannu."

Ta dubi hannunta kamar ba nata ba, ta sake shi. Yaro ya ƙirga, ya raba, gaɓa ɗaya ta yi saura. Ya ɗago ya dubi uwarsa. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Tsaga ta ake yi."

Ni na miƙa mata wuƙar. Amma kada ku ɗauka na huce.