Inna ba ta zauna ba

Jiya a tashar Kankia ƙamshin daddawa ya buge ni, sai kakata Inna ta faɗo mini a rai.

Shekarar da na sayi kyamara, na je ƙauyensu Kaikai in ɗauke ta hoto. Na sa ta ɗaura sabuwar atamfa, na zaunar da ita bisa kujera, hannuwa a kan gwiwa. Da na ɗauka na nuna mata hoton, ta daɗe tana kallo.

"Ke 'yar nan, wannan wace ce? Tunda kike, kin taɓa ganina zaune haka?"

Ta kwance atamfar, ta ja ni bayan ɗaki inda tukunyar kalwa ke tafasa. Hayaƙi na cin idona, zufa na bin wuyanta, tafin hannunta duk ya yi kanta.

"To, yanzu ɗauka."

Masu shirya baje kolin hotunana sun ce in goge hayaƙin, in share tamojin fuskarta, wai ya fi kyau. Ko ɗigo ba zan taɓa ba. In ba su so, su bar bangonsu wayam.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya zaunar da ita a Aljanna, ta huta.