Shekarar da Anka Hana Ni Yaɓe

Bangon gabas na ɗakina yayata ta yi shi. Maza sunka ɗora tubali, amma duk abin da ido ke gani aikinta ne. Da anka kawo ni aure Tambuwal ta biyo ni daga Kebbe, ta yi kwana goma sha biyu hannunta cikin laka. Ta kafa farantan tangaran bakwai a jikin bangon tun shina ɗanye, ta fafe alkuki na aje fitila, ta fitar da gadon ƙasa daga gindin bangon kamar nan ya tsiro. Sannan ta sa yatsu uku ta ja layuka, suna kewaya kowane faranti, su gangaro su haɗe bisa alkukin. Shekara fuɗu bayan nan ta rasu, ta bar jinjiri namiji. Ni na goya shi, cikin wanga ɗaki ya girma.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maginin unguwarmu shi ke yaɓe bayan bangon da laka da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Ciki kuma nawa ne. In jiƙa bangon, in shafa sabuwar laka ba kauri, in sa yatsuna cikin layukanta in bi su daga farko har ƙarshe, in rufe da farar ƙasa. Yatsunta sun fi nawa faɗi, sai na karkata hannu kafin in cika gurbinsu. Sama da shekara arba'in ban tsallake ko ɗaya ba.

Yaron ya yi boko, ya zama mai zana gine-gine a ƙaramar hukuma. Anka tura shi wani kwas na wata uku wata ƙasar Turawa, Ostiriya. Ya dawo da ƙaton littafi na hotuna, ya zauna bisa tabarmata shina buɗe mini. Ga gida an rina bangonsa tun daga ƙasa har rufi. Ga kujera ta fito daga jikin gini. Ga matakala an murɗe ta har ban gane ta hawa ce ko ta kallo ba. Ya ce can yanzu ba a raba magini da kafinta da mai zane, aikin ɗaya na shiga cikin na ɗaya, kuma shi ne sabon abin da ake yayi.

Na ce, “Sabo ga wa? Juya ka dubi bayanka. Ga gado can ya fito daga bango tun ba a haife ka ba. Bisa shi ka yi fitsarin kwance har ka shekara bakwai.”

Ya yi dariya ya juya. Da na san abin da zai biyo baya da na kama bakina. Ya tsaya gaban bangon kamar baƙo, ya ɗauki hoto ta nan, ya ɗauka ta can, ya aika wa malamarsu ta ƙasar. Ita kuma, wai, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba, a kiyaye shi yadda yake, kada hannu ya sake taɓa shi.

Ranar da ya zo da wagga magana lakata ta kwana uku a jiƙe, ta yi laushi yadda nika so. Ya ce in dakata. Na ce ga hadari na haɗuwa gabas, wane dakatawa. Ya ce zai sa a rufe bayan bangon da siminti, ciki kuma a shafe da ruwan nan mai ƙyalli da kafintoci ke shafa wa katako, shi ke nan na huta. Na ce ban gaya mishi na gaji ba.

Sai ya ce, “Inna, duk shekara kina rufe hannun mahaifiyata da naki.”

Na gaya mishi lakar da uwarsa ta taɓa ta shige ciki tun shekarar farko, abin da ya rage hanyar da yatsunta sunka bi, kuma bin ta ne ke riƙe ta. Bai ji ba. Ya ce ba shi da hotonta, bai san muryarta ba, wanga bango kaɗai gare shi. Idonsa ya cika. Ni da ba a juya ni, ranar na juyu, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Lakar ta bushe cikin kwatarniya.

Ya kawo leburori daga Dogon Daji da ƙusoshi da ragar waya. Tsohon maginin ya zo ya tsaya shina kallo. Ya ce laka tana shan ruwa ta fitar, siminti kuwa in ruwa ya shiga bayansa ba shi da ƙofar fita. Ɗana ya nuna mishi takarda. Tsohon ya ce shi bai iya karatu ba, ya saɓa sandarsa ya tafi.

Da damina ta kankama, kullum da safe sai in ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Da farko shina amsawa da nauyi. Cikin marka sai ya fara amsawa kamar ƙwarya. Simintin ya tsage can sama kusa da indararo, tsaga kamar zare. Ƙyallin ciki ya yi bororo, na latsa ɗaya ruwa ya fito. Sau uku ina aika wa ɗana. Shina Sanyinna wurin ginin wata makaranta, ya ce in yi haƙuri ruwa ya ɗauke, zai tambayi malamar. Na ce a gaya mishi ya tambaye ta ko ta taɓa kwana cikin ɗakin laka.

Wata Jumma'a da hantsi na ga farantin sama ya karkata. Na ɗauko wuƙa. Shekara arba'in ina kewaya farantan nan da tsumma don kada laka ta taɓa bakinsu, ranar kuwa da hannuna na riƙa ƙwaƙule su. Bangon ya yi taushi kamar tuwo. Na cire biyar, biyu na sama tsawona bai kai ba. Na fitar da kayana tsakar gida. Bayan maza sun sauko daga masallaci, ba ruwa ba iska, bangon ya zauna. Simintin ya faɗi waje falle guda, lafiya lau, ko fashewa bai yi sosai ba.

Ɗana ya iso bisa babur kafin la'asar. Ya tsuguna shina tsintar fasassun tangaran cikin laka.

Da kaka tsohon maginin ya tada sabon bango. Ɗana ya zo da hoton tsohon bangon, an wanke shi babba an sa cikin gilashi, ya jingina gabana don in kwaikwaya. Na duba, na duba. Layukan duk suna nan, amma ni ban taɓa sanin su da ido ba, yatsuna ke faɗawa ciki su tafi. Na gwada bin hoton sau biyu, hannuna ya riƙa tsayawa shina jiran gurbi. Na shafe. Na kafa farantai biyar, na ja abin da ya zo mini.

Ya ce, “Inna, ai ya yi kama.”

Na ce, “Bai yi ba. Ɗauke hotonka, shina kashe mini ido.”

Ya kai shi ofis ya rataya. Na ji baƙi na tsayawa kallonsa.

Bana kafin ruwa na jiƙa laka, ba wanda ya hana ni. Na shafa, na sa yatsu uku cikin layin farko, na karkata hannu yadda na saba. Sai na ɓata gefen layin. Gurbin daidai yatsuna ne, babu sauran wurin da zan cika.