Ni da Malam a Tudun Wadi Rayan

Mun tashi da asuba daga Hayyus Sabi', unguwarmu a Alƙahira, ni da maigidana, da kekuna biyu na hannu da muka saya. Tun da ciwon sukari ya kwantar da shi a asibiti bara, Malam ya koma daga jami'a sai ɗaki, ko saukowa sayen burodi sai ya yi ta nauyin jiki. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Ni kuwa na ce to mu motsa har Fayyum. Ya yi mini kallon wadda ta zautu, amma da yamma na gan shi yana sa wa tayoyi iska.

A Giza direban ƙaramar bas ya ɗaure mana kekunan a sama, yana rantsuwa wai kowane keke kuɗin mutum guda ne. Muka ja, ya ja, aka shirya. Daga garin Fayyum muka hau. Rabona da keke tun ina yarinya a Zariya, na yayana nake sata in zaga unguwa, amma ƙafa ba ta manta ba.

Ranar farko hanya shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki kore shar, ga dabino, ga jakuna ɗauke da ciyawa. Yara suna bin mu da gudu suna tambaya ko daga Sudan muke. Wata tsohuwa mai gasa fatir, wato burodinsu mai mai da ake ci da zuma, ta dubi hijabina, ta dubi keken, ta tafa hannu ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani. Abinci a can ya fi na Alƙahira araha nesa ba kusa ba. Muka kwana a ƙauyen magina tukwane, bakin tafkin Ƙarun.

Washegari ne hanya ta nuna halinta. Da muka nufi Wadi Rayan, koren ya ƙare, sai rairayi da duwatsu, hawa bayan hawa. A tsakiyar wani dogon tudu na waiwaya, na hangi Malam ya sauka ya zauna a bakin titi. Na dawo na tarar sukarinsa ya sauka, gumi sharkaf. Na tura masa dabino a baki, na ba shi ruwa, na zauna ina kallon fuskarsa har jikinsa ya dawo daidai.

Sai ga wata a-kori-kura ta tsaya, direban ya ce mu zo ya kai mu.

Malam ya sunkuyar da kai. "Hajiya, khalas, shi ke nan. Jikin nan ya gama."

"Ma'alish, ba komai, Malam. In ka ce mota, mu shiga. In ka ce ƙafa, tare za mu tura."

Can ya miƙe, ya yi wa direban godiya, ya kama kan kekensa. Muka tura a hankali, kafaɗa da kafaɗa, muna tsayawa muna hutawa. Da muka kai sama, sai ga tafki shuɗi kwance a tsakiyar hamada. Ya cire hularsa ya yi hamdala. Da muka zo gangara kuwa, shi ne a gaba, yana ɗaga mini hannu yana ihun "Yalla, mu je!" kamar ɗan firamare.

Mun dawo gida a rana ta uku, fuska ta ƙone, cinyoyi sun ƙi lanƙwasuwa. Sallar asuba a zaune muka yi ta, yana gaba ina baya, kowa na nishi.

Abin da na koyo shi ne, mara lafiya yakan gaji da a riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai. Wani lokacin abin da yake so kawai ki sauka daga naki keken, ki taka tare da shi.