Gidan Dukawan da Suka Ɗinka wa Turawa Safar Ƙwallo

Ana sallame asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokina. Kakana ya sha ba ni labarin wani gidan dukawa da ke ɗinka wa Turawa babbar safar hannu ta fata, wadda suke cafe ƙwallo da ita a wani wasansu na sanda. Gidan na fita nema.

Hanyar Rabah ta jijjiga mu har direba ya ce motarsa ta fi shi buƙatar addu'a. Mun karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance kamar an yi masa horo. Da muka tambayi gidan a Rabah, wani mahauci ya ce mu nufi Wurno.

A Wurno warin albasa ya tarbe mu. Mun sami gidan, amma rabin katangar ta zube, ramukan jima sun cika da leda. Jikan gidan, ɗan kabu-kabu, ya ce 'yan gwangwan sun saye basilla da wuƙaƙen, kakansa kuma yana Goronyo wurin 'yarsa.

Can muka same shi, Baba Ummaru, kwance kan tabarma, shanyewar jiki ta kama hannun damansa. Ya ce mahaifinsa ya fara da jeme fatar jar akuya da bagaruwa. Wani falke ya kawo samfurin safar daga Kano, suka farke shi, suka kwaikwaya. Zaure ya cika da masu ɗinki, raƙuma na ɗauka, daga baya mota. Wata shekara falken bai dawo ba, babu wanda ya zo ya ce musu dalili.

"Baba, ba ka ajiye ko ɗaya ba?"

"In aje ta in yi mi da ita? Ko wasan ban taɓa gani ba. Ta ƙarshe, ɗiyata ta sauke tukunya da ita har ta ƙone."

Na roƙe shi ya nuna mini ɗinkin. Ya yi ƙoƙarin ɗaga yatsunsa, suka ƙi. Ya juya fuskarsa bango.

Mun sayi soyayyen kifi a bakin madatsar ruwa, amma ban iya ci ba. Da la'asar muka shigo gida. Na fita da niyyar kawo muku tarihin sana'a, na dawo da sanin cewa na makara: ɗinkin yana nan a cikin kan Baba Ummaru, hannun da zai fito da shi ne babu.