Tunkiyar Bappa Garga

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Bappa Garga. A unguwar Briqueterie ta Yaoundé wannan ba labari ba ne, don idan maƙwabci ya yi tari kana iya yi masa sannu daga kan tabarmarka. Magudanar ruwa ma ɗaya muke da ita. Tana fitowa daga tsakar gidana, ta bi ta ƙarƙashin katangar, ta ratsa garken tumakinsa kafin ta faɗa kwatar layi.

An haife shi a wata ruga wajen Tibati, bai san shekarar ba. Cuta ta cinye shanun mahaifinsa tun yana saurayi, ya koma kiwon na wasu. Ya zo Yaoundé ne a jirgin ƙasa, a tsaye cikin taragon shanun wani alhaji. Aikinsa a tafiyar shi ne tayar da duk saniyar da ta kwanta, don kada sauran su tattake ta. Da aka sauke shanun bai koma ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, “In koma in tarar da me?”

A cikin mahauta ya koyi Hausa, har yau kuma idan ransa ya ɓaci Fulatanci yake komawa. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta gaji da ɗakin haya da ruwan saman Yaoundé ta koma arewa. Allah bai ba su haihuwa ba. A hankali ya zama shi ake kira idan za a yi yanka a layinmu, na suna ko na layya ko na sadaka. Yana kuma ajiye ’yan tumaki a bayan ɗakinsa. Kullum da safe zai taka har Elig-Edzoa ya yanko ciyawa a gefen hanyar jirgi, ya ɗauko buhun a ka, domin masu taksi ba sa tsaya masa.

Yana da tsarin aikinsa da ba ya canzawa. Sai ya ba dabba ruwa tukuna. Wuƙa tana cikin hannun rigarsa, ba ya wasa ta a gaban abin da za a yanka. Ba ya yanka wata dabba wata na kallo, ko da kaza ce, sai an kai ɗayar bayan ƙofa. Kuma ba ya raɗa wa tumakinsa suna. Sali mai tsire, wanda tukubarsa ke bakin layi, kan tsokane shi a kan wannan.

“Bappa, rago ya sa hannu a takarda ne, ko har yanzu ana shawara da shi?”

“Kai, Sali, rufe bakin nan, warin ƙuli yake yi.”

’Yata Madina ta rasu a shekarar da za ta zauna jarrabawar bak ta gama sakandare. Ciwon bai daɗe ba. Iyakar abin da zan faɗa a kanta ke nan, domin ba labarinta nake bayarwa ba.

Rasuwar ta zo bayan Babbar Sallah, lokacin da garkunan unguwa suka zama wayam. Da sadakar bakwai ta matso, ƙanena Tahiru ya shiga neman rago. Kafin ya fita layi Bappa Garga ya tare shi. Namiji ɗaya ya rage masa, ɗan rago fari mai baƙin kunne, wanda ya yi girman yanka amma bai daina bin uwarsa ba. Ya ce wannan ne gudummawarsa, a gabansa yarinyar ta girma. Ba a mayar da irin wannan kyauta a gidan makoki.

Ya bi tsarinsa duka. Ya zagayo da ɗan ragon ta layi zuwa tsakar gidana, inda uwar ba za ta gani ba. Ya ba shi ruwa, ya kwantar da shi, ya ambaci sunan Allah. Ya yanka shi a bakin magudana, inda kowa ke yanka, mata suka kwara bokitin ruwa suka kora jinin. Jinin ya bi ta ƙarƙashin katanga.

Kafin a gama fiɗa tunkiyar ta fara kuka.

Na san kukan tumaki, a cikinsa na tashi. Wannan daban ne. Takan yi kira ɗaya mai tsawo, ta tsaya kamar mai sauraron amsa, sannan ta sake. Ana addu’a tana yi, ana rabon abinci tana yi. Washegari muryarta ta dushe amma ba ta daina ba. Tahiru ya ce zai je ya roƙi Bappa ya kai ta wani wuri, don masu zuwa gaisuwa sun fara magana. Matata Hadija, wadda tun ranar jana’iza mata ke dafa ta suna cewa ta yi haƙuri, kada ta ɗaga murya, ta ɗago kai daga inda take zaune.

“Ku bar ta ta yi,” ta ce. “Ni an hana ni.”

Da baƙi suka ragu na shiga wajensa in yi godiya. Na same shi tsugune a bakin garke. Ya zuba dusa da kanwa, ya ajiye ciyawa ɗanya, sauran tumakin suna ci. Ita tana tsaye a kusurwa, hancinta a bakin ramin da ruwa ke shigowa daga gidana.

“Na ɓoye mata ido, Malam,” ya ce. “Na manta hanci.”

Na ce ba laifinsa ba ne, kowa a nan yake yanka.

“Na je wajen liman. Ya ce halal ne, babu zunubi, har lada na samu.” Ya tsinci wani ɗan kara yana tona ƙasa da shi. “Ni ba halal na tambaya ba. Halal na san shi tun kafin a haifi liman ɗin. Na tambaya ko ta sani. Kai da ke karantar da tunani a makarantar lise, faɗa mini. Ta san an kashe shi, ko dai nono ne ya cika mata?”

Falsafa nake koyarwa, kuma akwai darasin da nake yi kowace shekara a kan mutum da dabba. Na gaya masa abin da ke ciki. Wasu masana sun ce dabba kamar inji ce, kukanta kamar ƙarar ƙofa ne da ba a sa wa mai ba. Wasu sun ce tana jin zafi da tsoro, amma ba ta san mutuwa ba, abin da ke gabanta kawai ta sani. Wasu kuma sun ce muddin tana wahala tana da haƙƙi a kanmu, ko ta san sunan wahalar ko ba ta sani ba.

Ya saurara har na gama. “To a cikinsu wa ya yi gaskiya?”

Na ce ba a gama gardamar ba.

“Su suna da lokaci,” ya ce. “Ita ba ta ci.”

Ya roƙe ni in sa a nemo masa fatar ɗan ragon. An riga an shafa mata gishiri an shanya a kan kwanon kicin. A rugarsu, in ji shi, idan maraƙi ya mutu saniya takan riƙe nono ta ƙi ci. Sai a cusa busasshiyar ciyawa a fatar maraƙin, a ɗinke, a kafa shi a kan sanduna, a kai mata. Idan ta sansana ta lasa, sai hankalinta ya kwanta, nono ya sauko. Bai taɓa ganin an yi wa tunkiya ba, amma ba shi da wata dabara.

Ya wuni yana ɗinki da basilla. Abin da ya fito ba shi da kai na kirki, tsumma ya naɗe ya cusa a wuya, ƙafafun kuma karkatattu. Sali ya leƙo ta kan ƙyauren langalanga ya kwashe da dariya.

“Bappa, wannan ɗan naka a wane lopital aka haife shi? Yaushe suna? Ni zan kawo tsire.”

Bappa Garga ya ɗauki fatar. Ya shiga garke ya jingina abin da bango ya ja da baya.

Tunkiyar ta matso. Ta sansana bayan, ta sansana gindin wutsiya, ta yi wata ƙaramar ƙara a maƙogwaro, irin wadda suke yi wa sabon haihuwa. Ta fara lasa. Daga nan ta kwanta a gefensa ta ɗora haɓa a kan fatar. Dariyar Sali ta tsaya, ya sauka daga ƙyauren ya koma tukubarsa.

Tun daga ranar ba a sake jin kukanta ba. Masu zuwa gaisuwa suka ce alhamdulillahi. Hadija ta tambaye ni abin da aka yi mata, na gaya mata. 

“An yaudare ta ke nan,” ta ce, ta juya fuska ga bango.

Amma tunkiyar ba ta ci ba. Takan ɗan taɓa ruwa, ta tsinci ciyawa ɗaya ta bar ta a baki. Ƙasusuwan kwankwasonta suka fito, cikin kuma ya kumbura ya yi tauri. Bappa Garga ya daina amsa kiran yanka. An yi suna a bayan masallaci aka aiko har sau biyu, ya ce a nemi wani. Ya jiƙa mata kanwa, ya dafa mata saiwoyin da ya sani, ya ɗura mata da kwalba. Da ta kasa tashi, maganar ta zama ta layi gaba ɗaya. A unguwar mahauta babu abin kunya kamar mutum ya zuba ido dabbarsa ta zama mushe. Dattawa suka same shi bayan sallar la’asar.

“Garga, kai ne za a koya wa wannan? Nama ne Allah ya ba ka, za ka jefa wa karnuka?”

“In ta mutu a haka wahala ta fi yawa. Wuƙa rahama ce a gare ta.”

Na ga bai musa ba. Abin da ya ce da ni daga baya shi ne, “Na yanka ɗan, na yi mata ƙarya, yanzu in yanka ta. Wanne ne rahamar a ciki?” Dattawan sun faɗi gaskiya, shi ma gaskiya ya faɗa.

Da safe ya aiko a kira ni in riƙe masa ƙafafun tunkiyar. Ya kai sauran tumakin gidan wani. Ya toshe magudanar da tsumma, ya haƙa rami a ƙasa don jinin. Ya kawo ruwa ta kau da kai. Tun da ba ya yanka a gaban wata dabba, sai ya ɗauki fatar da aka cusa wa ciyawa zai fitar da ita waje. Tunkiyar da ta kwana biyu ba ta iya ɗaga wuya ba ta kafa ƙafafun gaba ta yunƙura, ta ja jiki wajen ƙofa, ta faɗi. Ya tsaya da abin a hannu. Sannan ya mayar da shi ya ajiye a gaban hancinta, ya yanka ta a haka.

Sali ne ya yi fiɗar. Da ya farke tumbin sai ya sa hannu ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, kusan girman kan mutum. Leda ce, irin ta kasuwa, ta cure da igiya da tsumma ta toshe cikin. Ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

“Ga baƙin cikin naku! Bappa, ba ɗa take wa kuka ba, leda ce ta kashe ta! Wannan ta fi shekara a ciki.”

Mutane suka yi dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Wani ya dafa kafaɗar Bappa Garga ya ce to ka gani, dabba dabba ce. Na duba dunƙulen da kyau. Sali bai yi kuskure ba, abin da ke cikin nan ya isa ya kashe ta ko da ɗanta yana raye. Na kuma ga yunƙurin da ta yi wajen ƙofa. Ban san yadda zan auna ɗaya da ɗaya ba, har yau kuma ban sani ba.

Aka raba naman a layi. Bai aiko gidana da ko tsoka ɗaya ba, na gode masa a zuciya.

Ya koma aiki, domin da shi yake ci. Har yanzu shi ake kira, yana ba da ruwa, wuƙa tana cikin hannun riga. Amma bayan ’yan makonni ya kora dukkan tumakinsa mata zuwa kasuwa ya sayar, har da masu ciki. Yanzu manyan raguna kawai yake saye daga motocin arewa, ya yi musu kiwo, ya sayar. Ba a ƙara haihuwa a garkensa ba.

Na tambaye shi ko hakan ya gyara wani abu. Yana zuba dusa, bai ɗago ba.

“Bai gyara komai ba, Malam. Su ma suna da uwa. Tana can Ngaoundéré ko Maroua tana yi.” Ya karkaɗe kwanon a jikin bango. “Daga nan dai ba na ji.”